Faci Kan Faci

Shekara talatin ina ɗinkin kube a Madunka,
hannuna kan san fata tun ido bai duba ba.
In Labbo ya kawo daga majema
sai in shafa, in ce: wagga akuya ta sha ƙaya,
nan kaska ta daɗe, nan anka yi mata lalas.
Wurin ya warke tun tana da rai,
amma bagaruwa ba ta iya sa shi laushi.
Basilla na isowa nan sai ta turje.

Ashe ina ɗauke da irin nata a ciki.

Likita Modi ya ɗaga hoton ga hasken taga,
ya bi hanjin da bakin biro
kamar mai bin gulbin Rima a taswira.
Nan faɗi, nan faɗi,
nan kuma, ya ce, dubi.
Sai na ga zare,
siriri, bai kai tsawon ɗan yatsa ba.

Ya ce kumburin nan da ke zuwa ya tafi,
shekara tara yana zuwa yana tafiya,
duk zuwansa sai ya bar gyambo a bango.
Jiki kuwa ba ya barin ɓaraka,
sai ya aiko masu ɗinki.
Su ɗinke. Kumburi ya dawo. Su ƙara.
Ba wanda ya ce musu aiki ya ƙare,
suna ta saƙa bisa saƙar jiya,
bango na kauri, hanya na tsukewa.

Na ce: likita, tsaya nan, na gane.
Kube ne anka yi wa faci daga ciki,
faci kan faci, har wuƙa ta ƙi shiga.
Da Labbo ne ya yi min wanga aiki
da ya kwana warwara.

Ya yi dariya, sannan ya daina.
Ya ce ƙuncin iri biyu ne.
Wanda kumburi ya kawo, magani na sassabta shi.
Wanda tabo ya gina ba ya jin allura:
ko a buɗa shi da 'yar balan-balan,
ko a yanke wurin a haɗa baki da baki.
Naka, ya ce, tabon ya fi yawa.

To, shi ne dalili.
Shi ya sa lomar tuwo ke yin sa'a guda
sannan ta ƙwanƙwasa ƙasan cibiya,
cikin ya tashi kamar salka,
ya yi kukan da maƙwabcin rumfa ke ji.
Shi ya sa na bar kwaɗon zogale,
na bar rake, na bar mangwaro mai zare,
na bar wake in ba a surfe ba.
Taba ma na jefar, ya ce hura wutar take.
Hajo ta koma tace min kunu sau biyu,
ta ƙara wa ɗamarata huji uku
da tsinkena, ba ta ce komai ba.

Abin da ya hana ni barci ba wuƙar ba ce.
Ni da wuƙa mun san juna.
Tunanin masu ɗinkin nan ne,
da ba su nufe ni da sharri ba,
sun ga rauni sun rufe, kamar yadda zan yi.
Himma ce ta yi yawa.

Talata za a shiga da ni.
Na bar wa Labbo kube shida, rabin aiki,
na ce ya sassauta hannu, kar ya ja zare da ƙarfi.
Likita kuma roƙo ɗaya na yi masa:
in kun yanke, kada ku yar tukuna.
Ku kawo in shafa.
Ina son in ji inda basilla ta turje.